Wa Zai Ɗauki Nauyin Hukumar Masu Safiyo?

A wasu jihohin Amurka akwai wata doka da ke yanka wa hukumomin gwamnati wa'adi. Idan wa'adin hukuma ya kusa cika, sai majalisar dokokin jiha ta sa a binciki aikinta, a ga ko har yanzu jama'a na bukatarta, nawa take ci a shekara, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fitowa. In majalisa ba ta sabunta dokar da ta kafa ta ba, hukumar ta rushe ke nan. Jihar Kolorado ce ta fara wannan tsari a shekarar 1976, jihar Teksas kuma ta kafa nata kwamitin binciken a 1977. Cikin hukumomin da kan shiga wannan tankaɗe da rairaya har da masu ba da lasisi ga masu safiyo, wato mutanen da ke auna fili, su kafa masa iyaka, su zana taswirar da gwamnati da kotu za su yarda da ita.

Abin da ya faru a Teksas ya ja hankalina matuƙa. Jihar tana da hukuma mai zaman kanta ta masu safiyo, amma da aka bincike ta sai aka ga cewa lasisin yana da amfani kuma ya kamata ya ci gaba, sai dai ƙaramar hukumar ba ta iya sauke nauyin da ke kanta yadda ya dace. A shekarar 2019 majalisar jihar ta soke ta, ta mayar da aikinta ƙarƙashin hukumar injiniyoyi, aka sake wa haɗaɗɗiyar hukumar suna domin ta ƙunshi sana'o'in biyu. Ba a bar kowa ya ɗauki na'ura ya kira kansa mai safiyo ba. Abin da aka rage shi ne kuɗin ofis da na ma'aikata da na gudanarwa. Jihohi da yawa a can, ciki har da Kalifoniya, sun daɗe da haɗa injiniyoyi da masu safiyo a hukuma guda.

Dalilin da ya sa irin wannan hukuma ke da tsada ba ɓoyayye ba ne. Dole ta riƙe rajistar waɗanda suka cancanta, ta shirya jarrabawa ko ta sa ido a kanta, ta karɓi ƙorafin jama'a, ta tura wanda ya san aikin ya je ya sake auna filin da ake jayayya a kansa, ta ɗauki lauya, ta zauna ta saurari ɓangarorin biyu, sannan ta kare hukuncinta idan wanda aka hukunta ya garzaya kotu. Yawancin waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa don 'yan sana'ar ba su da yawa. Masu safiyo kuwa a ko'ina ba su kai injiniyoyi ko likitoci ko ma'aikatan jinya yawa ba, saboda haka idan aka raba kuɗin gudanarwa a kansu, kason kowane mutum ɗaya yakan yi nauyi. Shi kuma mai lasisin ba daga gadon ubansa zai biya ba, a kan kuɗin aikin da yake yi wa jama'a zai ɗora. A ƙarshe dai mai sayen fili ne ke biyan kuɗin hukumar, ko ya san da wanzuwarta ko bai sani ba.

A Nijeriya tsarin ya bambanta, kuma ya kamata a fahimci bambancin kafin a yi hukunci. Kundin tsarin mulki ya sa tsara sana'o'in ƙwararru a hannun majalisar tarayya, amma aikin awon ƙasa kansa yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu. Shi ya sa lasisin mai safiyo ba daga jiha irin tamu ta Legas yake fitowa ba, daga majalisar kula da masu safiyo ta ƙasa, wato SURCON, yake, wadda doka mai lamba 44 ta shekarar 1989 ta kafa. Ita ce ke yi wa mutum rajista bayan ya yi karatu, ya yi zaman horo ƙarƙashin wanda ya riga shi, ya kuma ci jarrabawa, kuma ita ce doka ta ba ikon ladabtar da shi idan ya ci amanar aiki. Akwai kuma ƙungiyar masu safiyo ta NIS, wadda asalinta ke komawa shekarar 1934 a ƙarƙashin jagorancin Herbert Macaulay. Mutane da yawa sun san Macaulay a matsayin ɗan siyasa mai fafutukar 'yanci, amma sana'arsa ta asali ita ce awon ƙasa: ya yi karatu a Ingila, ya dawo ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka aikin safiyo a nan Legas, kafin ya ajiye ya buɗe nasa ofishin a 1898. Ƙungiya tana kare muradin 'ya'yanta ne, majalisa kuma an kafa ta domin ta kare jama'a daga 'yan sana'ar idan sun kauce. Na uku shi ne ofishin Safiyo Janar na jihar Legas, inda ake ajiye kwafin taswirorin filaye, ake kuma duba matsayin kowane fili a kan babbar taswirar jiha.

Tambayar da Amurkawa ke yi wa hukumominsu ta iso mu, ko da yake ta wata ƙofa ta shigo. Tun a 2012 rahoton kwamitin Oronsaye, wanda gwamnatin tarayya ta kafa domin ya duba hukumominta, ya ba da shawarar a rage yawan hukumomin tarayya, a haɗe wasu, a soke wasu, kuma a watan Fabrairun 2024 gwamnati ta ce za ta aiwatar da shi. Kafin haka, a 2023, an sanar da cewa gwamnatin tarayya za ta daina bai wa majalisun kula da sana'o'i kuɗi daga kasafinta, su koma su riƙe kansu da abin da suke tarawa. Ga wanda ke zaune a ofishin kasafi wannan tsimi ne. Ni kuwa da nake ganin yadda 'yan uwanmu ke sayen fili a wannan gari, abin da ya fara zuwa mini shi ne cewa duk kuɗin da gwamnati ta janye, wani ne zai cike gurbinsa, kuma na san ko wane ne.

Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Nijeriya, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 3,600 ba, kuma wani babban kaso na wannan ruwa ne da fadama. A kan wannan ɗan wuri miliyoyin mutane ke neman inda za su kafa tubali. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, gwamnatocin Legas kuma sun daɗe suna keɓe manyan yankuna domin hanyoyi da gidaje da masana'antu da magudanan ruwa. A wasu wuraren gwamnati takan yanke wani ɓangare ta mayar wa ƙauyen da ke da asalin wurin, ta buga a mujallar gwamnati, kuma wannan ɓangaren ne kaɗai iyalan ƙauyen ke da ikon sayarwa cikin kwanciyar hankali. Matsalar ita ce layin da ya raba filin da aka saki da wanda gwamnati ke riƙe da shi ba a ganinsa da ido. Ciyawa ɗaya ce, jar ƙasa ɗaya ce, wani lokaci ma titi ɗaya ne ya ratsa su. Ba abin da ke nuna wa mai saye ɓangaren da ya faɗa sai lambobin da mai safiyo ya ɗauko da na'urarsa, aka ɗora su a kan taswirar jiha.

A nan ne al'adarmu ta ciniki ke iya cutar da mu. A gida, mutum yakan sayi fuloti a gaban dillali da shaidu da mai unguwa, maƙwabta sun san inda gonar wane ta tsaya, in gardama ta taso akwai dattijon da ya ga lokacin da aka dasa itacen iyaka. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana sauke tumatir da albasa a Mile 12, ko yana harkar shanu a Agege, yakan zo da wannan yarda zuwa Ikorodu ko Badagry ko Epe, inda ba shi da dattijon da zai tsaya masa, kuma inda iyali ɗaya ke iya samun rassa da dama, kowane reshe yana cewa shi ne mai haƙƙin sayarwa. Ta'adin 'yan omo-onile, wato masu da'awar cewa su ne 'ya'yan masu asalin fili, ya kai ga jihar ta yi dokar kare kadarori a 2016, zamanin gwamna Akinwunmi Ambode, wadda ta haramta ƙwace fili da ƙarfi da karɓar kuɗi a hannun masu gini ba bisa ƙa'ida ba. Amma wannan doka tana maganin mai zuwa da adda ne. Wanda ke zuwa da takarda mai kyan gani, mai layuka da lambobi da hatimi, sai wani makamin daban.

Taswirar bogi iri-iri ce. Akwai wadda aka zana a shagon kwamfuta ba tare da an taka filin ba. Akwai wadda aka je aka auna da gaske, amma aka gusar da lambobin da gangan domin fili ya fita daga yankin da gwamnati ta keɓe ya faɗa inda aka saki, ta yadda a takarda yana da tsabta alhali a ƙasa yana kan hanyar da za a yi. Akwai wadda wanda ba shi da rajista ya yi, sannan ya sami mai rajistar da ya sayar masa da sa hannu da hatimi ba tare da ya duba komai ba, kuma wannan ita ce ta fi ci mini rai domin amanar da doka ta ba mutum ce aka sa a kasuwa. Akwai kuma wadda aka yi daidai amma ba a kai kwafinta ofishin Safiyo Janar ba, saboda haka ranar da mai filin ya tashi neman takardar C of O, wato shaidar mallakar fili ta gwamnati, ko amincewar gwamna sai a ce masa babu ita a ajiya. Ko kuskuren da ba na mugunta ba ma yana da illa. Tsoffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan ma'aunin da tushensa ke Minna, na'urorin tauraron ɗan adam kuma suna ba da lambobi a kan ma'aunin duniya na WGS 84, kuma wanda bai san yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya ba zai iya kai fili mita masu yawa daga inda yake. Wayar hannu da wasu ke cewa ta isa takan yi kuskuren mita da dama, alhali na'urar ƙwararru tana kai wa ga santimita.

Mita ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Fulotin da aka saba sayarwa a Legas ƙafa 60 ne a faɗi da 120 a tsawo, wato kimanin murabba'in mita 669. Idan aka gusar da turakun siminti biyu na gefen tsawo mita ɗaya kacal zuwa ciki, mai filin ya rasa kusan murabba'in mita 37, wanda ya haura kashi biyar cikin ɗari na abin da ya biya, kuma ya isa ɗakuna biyu. In kuwa shi ne ya shiga na maƙwabci bisa rashin sani har ya yi katanga, rushewa ce ke jiransa. Kotunan ƙasar nan sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa mai neman a tabbatar masa da mallakar fili dole ne ya nuna iyakokinsa ba tare da kokwanto ba, kuma shari'ar fili takan ɗauki shekaru, wani lokaci har mai ƙarar ya rasu 'ya'yansa su gaji takardun kotu.

Wani dattijo da muke salla tare ya taɓa nuna mini takardun filin da ya saya a bayan gari. Da na tambaye shi ko ya tabbatar da sunan wanda ya yi masa awon a rajista, sai ya ce, "Malam, ai masu filin ne suka kawo nasu, kuma ga hatimi nan." Na ce, "Baba, hatimi ana sassaƙa shi a bakin titi, sunan ne ya kamata a duba." Da aka bincika daga baya, ba a sami kwafin taswirar a ajiyar gwamnati ba, ya sake biyan kuɗin sabon awo, kuma Allah ya taimake shi filin bai faɗa yankin da aka keɓe ba. Da a ce babu rajista kwata-kwata, da ba ni da abin da zan ce masa ya je ya duba. Wannan shi ne amfanin hukumar a wurin talaka: akwai jerin sunaye, kuma wanda sunansa ke ciki yana da abin da zai rasa in ya yi ƙarya.

Masu sukar lasisi suna da hujjar da ba zan raina ba. Suna cewa hukumar da 'yan sana'a suka cika takan koma katanga, ta tsaurara shiga domin 'yan ciki su yi kaɗan, farashi ya hau. Suna cewa idan aka ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin aiki, aka ɗora kuɗin turaku da na hatimi da na ajiye kwafi da na sabunta lasisi, taswira ta gaskiya takan fi ƙarfin mai ƙaramin fili, har ya gwammace ya je wurin mai arha. Wannan gaskiya ne, kuma na ga mutanen da suka yi hakan ba don wauta ba, sai don kuɗin da ya rage musu bayan biyan fili da la'adar dillali bai kai ba. Shi ya sa nake tsoron barin majalisa ta riƙe kanta kacokan daga kuɗin 'yan sana'a. Hanya mafi sauƙi a gare ta ita ce ƙara kuɗin rajista da na hatimi, wanda zai ƙara tsadar taswira, ya ƙara tura mutane wurin 'yan bogi, alhali an kafa ta ne domin ta kore su. Akwai kuma haɗari na biyu da ya fi wannan zurfi. Bincike da ladabtarwa su ne ayyukan da ke cin kuɗi ba sa kawo ko kwabo, kuma waɗanda za a hukunta su ne masu biyan kuɗin da ake gudanar da ofis. Hukumar da aljihunta ya matse, wannan ɓangaren za ta fara yi wa ƙwauro, ta ci gaba da karɓar kuɗin sabuntawa, sunanta yana nan amma ba wanda ke tsoronta.

Ra'ayina shi ne a ci gaba da lasisin, amma a rarrabe abin da kowa zai ɗauka. Kuɗin jarrabawa da na rajista da na sabuntawa, 'yan sana'a su biya, domin su ne ke cin moriyar sunan. Amma riƙe rajistar da kowa zai iya dubawa kyauta, da binciken ƙorafi, da gurfanar da masu aikin bogi, waɗannan hidima ce ga jama'a kamar ta kotu, kuma ya dace a ware musu kuɗi daga baitulmali, ko daga wani ɗan kaso na abin da jihohi ke samu a harkar filaye. Jihar da ke karɓar kuɗin amincewar gwamna da na hatimin takardu da harajin amfani da fili tana da babban rabo a ingancin taswirorin da duk wannan kuɗin shiga ya dogara a kansu. A madadin haka kuma majalisar ta buɗe littafinta duk shekara: nawa ta tara, nawa ta kashe a kan me, ƙorafi nawa ta karɓa, nawa ta kammala, su wa ta dakatar ko ta cire. Da waɗannan alƙaluma ne kawai za a iya cewa kuɗin da ake kashewa ya biya ko bai biya ba, kuma wannan ne darasin da ya fi dacewa mu ɗauko daga tsarin wa'adin Amurka, domin can dole ne hukuma ta zo da hujjar ci gaba da wanzuwarta a gaban wakilan jama'a.

Batun haɗewa ma abin dubawa ne. A fannin gini da filaye kaɗai muna da majalisar injiniyoyi ta COREN, da ta masu zanen gini, da hukumar masu ƙiyasta darajar kadarori wadda aka kafa a 1975, da ta masu ƙididdigar kayan gini ta 1986, ga kuma ta masu safiyo. Kowace da hedikwatarta da motocinta da sashen kuɗinta. Ban ga abin da zai hana su yi tarayya a ofisoshin jihohi da rumbun bayanai da lauyoyi ba. Sharaɗina ɗaya ne, kuma ba zan sassauta a kansa ba: wanda zai binciki ƙorafin iyaka dole ya zama mai safiyo da ya san aikin fili, domin injiniyan gada ko mai zanen bene, duk ƙwarewarsa, ba lallai ne ya gane taswirar da aka gusar da lambobinta ba.

Wasu na ganin tunda matsalar filaye a Legas ta fi ta ko'ina zafi, kamata ya yi jihar ta kafa tata hukumar lasisin. Ban yarda ba, ko da tsarin mulki ya ba da dama. Garin ya riga ya malala cikin jihar Ogun, mutanenmu da yawa suna kasuwanci a Legas amma filayensu suna Mowe da Ibafo da Sango Ota. Lasisin jiha zai sa mai safiyo ya biya sau biyu kafin ya yi aiki a ɓangarorin gari ɗaya, kamar yadda takwaransa na Amurka ke neman lasisi dabam a kowace jihar da zai yi aiki, kuma wannan ƙarin ma a kan mai saye zai sauka. Abin da Legas ke bukata shi ne ofishin Safiyo Janar ya sauƙaƙa duba matsayin fili kafin a biya kuɗi, ya rage jinkiri, ya kuma miƙa wa majalisar SURCON sunan duk mai rajistar da aka kama taswirarsa da maguɗi, a bi maganar har ƙarshe.

Mu ma akwai abin da ke hannunmu tun kafin gwamnati ta motsa. Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa suna da amintattun mutane da ake zuwa wurinsu kafin a ɗaura aure ko a sasanta bashi, kuma ba abin da zai hana ƙungiya ta ƙulla yarjejeniya da mai safiyo ɗaya ko biyu da aka tabbatar da rajistarsu, ta yadda duk ɗan ƙungiyar da zai sayi fili zai je da nasa mai awon maimakon ya dogara da wanda masu sayarwa suka kawo. Idan mutum biyar ko goma suna sayen filaye a jere, awo ɗaya na haɗin gwiwa yakan sauko da kuɗin kowa. Abubuwan da za a nema a kan takardar ba su da yawa: sunan mai safiyon da hatiminsa da sa hannunsa, lambar taswirar, lambobin turakun kamar yadda suke a rubuce a kan simintin da ke ƙasa, da shaidar cewa an kai kwafi ofishin Safiyo Janar. Ya kamata majalisar SURCON ta buga wannan bayani da Hausa da Yarabanci da Ibo, ta sa a karanta a rediyo, kuma ta shigar da kuɗin yin hakan cikin kasafinta na shekara.